Ina zan ajiye fodkas ɗina? Abin da na gaya wa ƙanwata kafin ta buɗe asusu

Ƙanwata ungozoma ce, kuma ta daɗe tana cewa tana son ta fara shiri na murya a intanet, wato fodkas, a kan goyon ciki da jego, saboda tambayoyin da mata ke yi mata a wajen awo kullum guda ne, ana yi ana maimaitawa. To kwanaki sai ga ta da kashi uku ta naɗa a waya, wai sai ƙarfe ɗaya na dare take yi idan janareton maƙwabta ya yi shiru yara sun yi barci, tana lulluɓe da bargo don kar ɗakin ya riƙa amsa kuwwa. Na saurara, wallahi abin ya yi kyau. Sai ta ce min, "Yaya, yanzu ta ina zan tura shi ya hau Spotify da wancan na masu iPhone ɗin?"

A nan ne kusan kowa yake fara ruɗewa, ni ma haka na ruɗe da farko. A tsarin fodkas na asali ba wajen Apple kake kai muryarka su ajiye ba. Ka ɗauka kamar ɗan kasuwar Kwari ne, kayansa suna sito, shaguna kuma samfur kawai suke ratayewa, in mai saye ya nuna wanda yake so sai a aika yaro sito ya ɗauko. Siton nan shi ne masaukin fodkas, kamfanin da yake riƙe maka fayil ɗin MP3 dare da rana, kuma shi ne yake ba ka wani adireshi da ake kira RSS, wanda a cikinsa akwai jerin komai, sunan shiri, hoton bango, bayanin kowane kashi da inda muryar take. Wannan adireshin shi kake miƙa wa Apple Podcasts da Pocket Casts da sauransu sau ɗaya tak, daga nan duk ranar da ka ɗora sabon kashi a masauki su da kansu za su leƙa su gani su nuna wa mabiyanka. Tun 2005 da Apple ya saka fodkas a iTunes haka abin yake tafiya, kuma har yau bai canza a gindinsa ba.

Saboda haka WhatsApp ba masauki ba ne, Telegram ma haka, Google Drive ma haka. Suna da amfaninsu sosai kuma zan dawo kansu, amma babu wanda zai ba ka RSS a cikinsu.

Tambayar farko da nake so ka yi wa duk wani masauki ba ta farashi ba ce. Ka tambaya, in na tashi barin ku, za ku bar ni in tafi da mabiyana? Na san baƙon abu ne mutum bai shiga gida ba yana neman ƙofar fita, amma bari in faɗa maka abin da ya same mu. Shirinmu na farko mu uku ne, hira muke a kan ƙananan sana'o'i, ɗaya daga cikinmu shi ya fi mu sanin kwamfuta sai ya buɗe asusun da imel ɗinsa na kansa, babu wanda ya kawo komai a ransa. Bayan shekara da wani abu ya samu aiki ya bar gari, ya canza layi, imel ɗin kuma ya manta kalmar sirrinsa, lambar da za a turo don a farfaɗo da shi tana zuwa tsohon layin da ya riga ya mutu. Ba faɗa muka yi ba, har gobe muna gaisawa. Amma kashi sama da talatin suna can muna kallonsu ba mu iya taɓawa, ba mu iya ƙara sabo, ba mu iya gaya wa masu bin mu cewa mun koma wani wuri. Dole muka sake sabon shiri daga sifili, kuma mutane da yawa ba su biyo mu ba don ba su ma san mun tashi ba. Har yanzu abin yana ci min rai.

Darasi biyu na ɗauka a nan. Na ɗaya, a buɗe wa shirin imel nasa na kansa tun ranar farko, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu aƙalla, layin da aka ɗaura masa kuma layi ne da ba za a bari ya mutu ba. Wannan imel ɗin shi ne takardar filinka, domin yawanci in za ka tabbatar wa wata manhaja cewa shirin naka ne, imel ɗin da yake cikin RSS suke tura wa lamba. Na biyu, ka shiga shafin taimako na masaukin ka nemo inda aka rubuta 301 redirect. Ma'anarsa shi ne in ka koma wani masauki, tsohon adireshin zai riƙa nuna wa duk manhajar da ta zo nema cewa mai gidan ya koma can dindindin, sai su bi ka da kansu, mai sauraro ba zai ma san an yi ƙaura ba. In masauki yana da maɓallin nan a fili ka danna da kanka, alama ce mai kyau. In sai ka rubuta wasiƙa kana roƙo, ko ka duba sama da ƙasa babu maganar sam, ni dai ba zan zuba shekarun aikina a wurin ba komai arharsa.

Kuma kar ka ce ai manyan kamfanoni ne ba inda za su je. Stitcher manhaja ce da ta daɗe mutane suna sauraro a kanta, an rufe ta a 2023. Google Podcasts na Google ne sukutum, shi ma an rufe shi a 2024 aka ce kowa ya koma YouTube Music. Waɗanda RSS ɗinsu yake hannunsu ba su yi asarar shiri ba, shago ɗaya ne ya rufe, sito yana nan. Anchor, masaukin kyauta da yawancinmu muka fara da shi, Spotify ya saye shi a 2019, a 2023 ya koma Spotify for Podcasters, a 2024 aka cire kayan naɗi da gyaran murya da ke cikinsa waɗanda masu aiki da waya kaɗai suka dogara da su, sannan sunan ya sake komawa Spotify for Creators. Ban ce mugun wuri ba ne, ina ma ba da shawararsa a ƙasa, ina nuna maka ne cewa abin kyauta mai shi yana juya shi yadda ya ga dama ba sai ya tambaye ka ba.

Sai maganar kuɗi. Ba duka suke awo da mudu ɗaya ba, kuma nan ne ake yaudarar kai in an tsaya kallon lambar farashi kawai. Buzzsprout da awa yake lissafi, awa nawa ka ɗora a wata, kuma tsarinsa na kyauta yana riƙe kashi kwana 90 ne kawai sai ya sauke shi, wato ya dace da gwaji amma bai dace da shiri irin na ƙanwata ba da mace za ta nemi kashin laulayi bayan shekara biyu. Transistor da Captivate kuma da yawan saukewa suke lissafi, ka ɗora iya son ranka, har shiri fiye da ɗaya a asusu guda, kuɗinka yana hawa ne in masu sauraro suka yi yawa, wannan ya fi dacewa da gidan rediyo ko ƙungiya ko makaranta mai malamai da yawa kowa da darasinsa. Libsyn tun 2004 yake, yana cikin mafi daɗewa, masu son wurin da ya ga jiya ya ga yau suna zuwa can. Podbean yana da na kyauta mai iyaka da na biya. Spotify for Creators kyauta ne kuma ba ya ƙirga maka awa. Ban kawo farashin kowa ba da gangan, suna canzawa, ka buɗe shafinsu ranar da za ka yanke shawara.

Abin da ba za ka gani a shafin nasu ba shi ne wahalar biyan dala daga nan. A ce masauki dala 15 ne a wata. Lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati wannan bai kai dubu takwas ba, bayan an saki naira a 2023 har ta haura 1,500 a 2024, kuɗin nan ɗaya ya koma sama da naira dubu 22, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. A shekara ka lissafa da kanka. Ga kuma batun kati, tun wajen 2022 bankunan Najeriya suka rage sayayyar waje da katin naira zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai daga baya wasu suka fara buɗewa, mutane da yawa sai katin dala na manhaja suka koma, shi ma wata rana ya wuce wata rana ya ƙi. To ka tambayi kanka tsakani da Allah, zan iya biyan wannan wata goma sha biyu a jere ko da shirin bai kawo min ko kwabo ba? Sannan ka tambayi masaukin, in kati ya ƙi wucewa kwana nawa kuke ɗaga ƙafa kafin ku sauke shirin? In ka samu hali biyan shekara gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali, sau ɗaya za ka yi kokawa da kati, kuma yawanci akwai ragi.

Yanzu bari in daɗe a kan wanda aka fi mantawa da shi, wato mai sauraro da datarsa. Yawancin bayanan da za ka karanta a intanet a kan zaɓen masauki an rubuta su ne don mutumin da yake da wayfai a gida da iPhone a aljihu. Matar da ƙanwata take son ta ji shirin nan Tecno ce ko itel a hannunta, datar naira ɗari biyu ko uku take sawa, kuma sabis ɗin unguwarsu sai an fita tsakar gida. Lissafin a fili yake, fayil ɗin da aka fitar a 128 kbps, wato ma'aunin nauyin sauti, yana cin kusan MB 58 a awa ɗaya, na 64 kbps kuma kusan MB 29. Kashi mai minti talatin kenan ko dai MB 29 ko MB 14 da ɗoriya. Magana ce zalla ba kiɗa ba, in ka fitar da ita mono, wato sauti mai layi ɗaya, a 64 kbps kunne ba zai ji wani bambancin kirki a lasifikar waya ba, amma aljihun baiwar Allah zai ji. Don haka ka duba, masaukin yana barin fayil ɗinka yadda ka ɗora shi ne ko yana sake matse shi da kansa? Buzzsprout misali yana sake sarrafa fayil zuwa nasa ma'aunin. Babu laifi a hakan in ma'aunin bai yi nauyi ba, abin dai ka sani, ka ɗora kashi ɗaya na gwaji sannan ka sauke shi ka ga MB nawa ya zama.

Gwajin da na fi yarda da shi kuwa ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Ka ɗora kashin gwaji, ka kwafi linkin da masaukin ya ba ka, ka tura wa wani babba a gidanku ta WhatsApp, irin wanda ba ya saukar da sabuwar manhaja sai an yi masa. Ka zauna kusa da shi ka yi shiru ka ga abin da zai faru. Mu Hajiyarmu muka tura wa. Linkin farko ta danna, shafi ya buɗe yana ta juyawa, sai ga rubutun Turanci yana neman ta sauke manhaja ta buɗe asusu, ta miƙo min wayar ta ce "ungo, ni ban gane ba". Linki na biyu daga wani masaukin, shafi ne fari ƙal da hoton shirin da babban maɓalli guda a tsakiya, ta danna, muryar 'yarta ta fito, ta gyara zama ta ji har ƙarshe tana cewa ai kuwa haka ne. Wannan minti biyun ya koya min abin da teburin kwatanta farashi goma bai koya min ba. In shafin yana da maɓallin saukewa kai tsaye ma ya fi, saboda mutanenmu sun fi son su sauke in sun samu sabis mai kyau ko datar dare su ji daga baya.

Kuma ka duba ina da ina masaukin yake iya kai ka. Spotify ya shigo Najeriya da Ghana ne a 2021, matasa sun karɓe shi, amma har yanzu YouTube da Facebook da Audiomack da Boomplay, wanda yake zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix tun daga kwali, su ne inda jama'a suke. YouTube yanzu yana karɓar RSS, sai ya ɗauki muryar ya haɗa da hoton bangon shirin ya mayar da ita bidiyo da kansa, wannan ƙofa ce babba ga mai shirin Hausa kuma ba ta cin ko sisi. WhatsApp da Telegram kuwa su ne masu shela, can za ka riƙa jefa linki da ɗan guntun minti ɗaya mai jan hankali.

Akwai wani ƙaramin abu da ya shafe mu mu kaɗai. Wajen buɗe shiri za a ce ka zaɓi harshe, ka duba ko akwai Hausa a jerin, alamarta a tsarin RSS ita ce ha. In babu kar ka zaɓi Turanci don ka huta, ka rubuta musu su ƙara, yadda suka amsa maka ma zai nuna maka irin kulawar da za ka samu ranar da matsala ta taso. Sannan ka gwada rubuta ƙ da ɗ da ɓ a take da bayani ka ga ko suna fitowa daidai a Apple da Spotify ko suna komawa akwati-akwati. Shawarata ita ce sunan shirin kansa ka zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya in zai yiwu, domin mai nema a waya da k da d zalla zai rubuta, ba kowa ne yake da allon rubutun Hausa ba. In kuma masauki yana tallata cewa zai mayar maka da magana rubutu da kansa a kan ƙarin kuɗi, kar ka biya sai ka gwada da Hausarka ka karanta abin da ya fito.

Alƙaluma ba zan daɗe a kai ba. Masaukin kirki zai nuna maka sau nawa aka sauke kowane kashi, daga wace ƙasa, da wace manhaja, kuma in ka ga an rubuta cewa ƙirgarsu tana bin ƙa'idar IAB, ƙungiyar masu harkar talla a intanet, to ba a kumbura lambar ba, wannan zai yi maka amfani ranar da za ka zauna da mai talla. Sai dai ka sani lambar ba za ta taɓa nuna duk masu jin ka ba. Mutum ɗaya zai sauke ya tura guruf ɗin dangi, wani ya tura ta Xender, wani ya kai wa masu turi a bakin kasuwa su zuba wa mutane a memori tare da karatu, duk wannan saukewa ɗaya masauki zai rubuta. Kar ka ga 80 ka karaya.

Batun samun kuɗi kuma, a nan nake roƙon mutane su yi hattara, don na ga waɗanda suka zaɓi masauki saboda kalmar nan kawai. Yawancin tsarin tallan da suke nunawa an gina shi ne don masu sauraro a Amurka da Turai, shirin raba kuɗi na Spotify da ya fara a farkon 2025 da Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya ya fara. Kafin ka sa rai ka karanta jerin ƙasashen da suka cancanta da hanyar da ake biya, ka ga ko kuɗin zai iya isowa asusunka na banki. Ga mai shirin Hausa, mai kemis ko mai makarantar kuɗi ko mai sayar da kayan jarirai na garinku da zai ba ka wani abu ka ambace shi da bakinka ya fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, kuma wannan ba ya buƙatar izinin kowane masauki.

To me na ce wa ƙanwata? Na ce ta fara da Spotify for Creators, saboda ba ta da dalar da za ta riƙa fitarwa duk wata, shirinta kuma irin wanda tsofaffin kashi ba sa tsufa ne, kuma masaukin yana da hanyar juya adireshi in ta tashi tafiya. Amma da sharaɗi. Ta shiga saiti ta kunna RSS da hannunta, don a can ba ya kunnuwa da kansa, in ba ta yi ba shirin zai tsaya a Spotify kaɗai. Ta ɗauki adireshin ta kai Apple Podcasts Connect, shafin da ake miƙa wa Apple shiri, da asusun Apple da aka buɗe da imel ɗin shirin, kar ta bar wani ya miƙa mata da nasa. Hoton bango murabba'i, tsakanin 1400 da 3000 a kowane gefe, JPG ko PNG, rubutu manya kaɗan don a waya bai fi girman tambarin wasiƙa ba. Kar ta saka waƙar wani a farkon shiri ko da daƙiƙa goma ce ba tare da izini ba, ana sauke kashi a kan haka. Sannan kowane kashi ta ajiye asalinsa wuri biyu da ba masaukin ba, ɗaya a Google Drive mai GB 15 na kyauta, ɗaya a filashi cikin durowa, tare da bayanin da ta rubuta masa. Da ƙungiya ce ko gidan rediyo mai kasafi da na ce su biya tun farko su ɗauki irin Transistor ko Captivate, don ma'aikata da yawa su shiga kowa da mabuɗinsa ba sai an yi ta yawo da kalmar sirri guda ba.

In ranar ƙaura ta zo, ga yadda ake yi, kuma a bi shi a jere. Ka buɗe asusu a sabon masauki ka ba shi tsohon RSS ya kwaso komai, ka bi kashi-kashi ka tabbatar duk sun iso da hotunansu da ranakunsu kuma suna kunnuwa, ka sauke alƙalumanka na tsohon wuri don su ba sa bin ka, sai a ƙarshe ka koma tsohon ka saka sabon adireshin a wajen 301 ɗin. Kar ka goge tsohon asusu a ranar, nan ne mutane suke yanka kansu, ka bar shi aƙalla sati huɗu kamar yadda Apple yake ba da shawara don duk manhajoji su gama gane sabon gida, ko da hakan na nufin ka biya wata ɗaya a wuri biyu. A cikin satin nan ka fitar da sabon kashi daga sabon masaukin, sannan ka ɗauki wayar wani da yake bin shirin tun da, ka duba ko ya iso masa.